Shara Ba Ta Ɓacewa, Mazauni Take Sakewa

Wani sabon wa'azi ya shigo mana ta wayar salula, kuma da alama ya fara samun almajirai a cikin ƴan boko da ma'aikatan birane. Wa'azin kuwa shi ne na rage kaya: a buɗe akwati da kabad, a fito da duk abin da aka daɗe ba a taɓa ba, a rabu da shi, domin ɗaki ya sha iska, zuciya ta huta. Ana nuna mana hotunan ɗakuna farare tas, babu komai a cikinsu sai gado da kujera ɗaya, ana ce mana wayewa ke nan. Ba ni da faɗa da tsafta, kuma babu mai hankalin da zai musa cewa tarin komatsai gidan ɓera ne da kunama. Faɗana da wannan wa'azi a wuri ɗaya yake, wato ya tsaya a bakin ƙofa. Yana koya wa mutum yadda zai fitar da kaya daga ɗaki, amma ba ya tambayar inda kayan za su kwana. Mu kuwa mazauna kwarin Komadugu, daga Maine Sorowa zuwa Difa da Geskeru har Boso, mun fi kowa cancantar yin wannan tambaya, domin sau da yawa a wurinmu suke kwana.

Mai karatu ya dubi taswira. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Maradi da Damagaram, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 kafin ta iso Difa, ta wuce ta ƙare a Ngigmi. Kogin kuma ya tattaro ruwan Kano da Haɗeja da Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Najeriya na kimanin kilomita 150, sannan ya zube a Tafkin Cadi, tafkin da ba shi da mafita zuwa teku. Ashe mu ne ƙarshen hanya, mu ne kuma ƙarshen ruwa. Motar da ta kawo mana kaya tana komawa da tattasai da kifi da dabbobi, ba ta komawa da leda ko fasasshen bokiti. Abin da ya zo nan ya mutu, nan zai zauna ya jira jikokinmu.

Shi wannan wa'azi yana da asali, kuma ya kamata malamai su san shi. An haife shi ne a ƙasashen da kaya suka yi wa mutane yawa har suka zame musu cuta. Wadda ta fi shahara da shi ita ce Marie Kondo, wata ƴar ƙasar Japan da ta wallafa littafinta na gyaran gida a shekarar 2011, aka fassara shi cikin harsuna da dama, sannan a 2019 kamfanin Netflix ya mai da koyarwarta shirin talabijin. Dabararta ita ce mutum ya ɗauki kayansa ɗaya bayan ɗaya, wanda bai faranta masa rai ba ya yi masa godiya ya sallame shi. Bayan fitowar shirin, shagunan karɓar kayan sadaka a Amurka sun ba da labarin cewa kaya sun yi musu yawa. To, ina aka kai rarar? Waɗannan shaguna ba sa iya sayar da duk abin da suka karɓa. Ragowar tufafin ana matse su dila-dila, a loda a jirgin ruwa, a sauke a tasoshi irin su Lome da Tema, daga nan su hau mota su zama gwanjon da muke kira bosho.

Ban ce gwanjo bai rufa wa talaka asiri ba. Rigar sanyin da yaro ke sawa ya tafi makaranta cikin hunturu, sau tari daga can ta fito. Amma a je kasuwar Kantamanto ta birnin Accra a ƙasar Gana a ga ɗaya fuskar cinikin. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a matsayin shara. Da ƙasashen gabashin Afirka suka shirya a 2016 za su hana shigo da gwanjo, Amurka ta yi musu barazana, suka ja da baya ban da Ruwanda, ita kuwa a 2018 aka janye mata rangwamen harajin da tufafinta ke samu a kasuwar Amurka. Kafin wannan, a 1988 an sauke gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya, abin da ya taimaka wajen sa ƙasashen Afirka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana shigo da shara mai haɗari. Duk da haka a 2006 jirgin Probo Koala ya kawo dagwalon da aka zubar a unguwannin Abijan, mutane suka mutu. Ɗakin mai arziki yana yin fes ne domin akwai inda ake kai dattinsa. Mu ba mu da wanda za mu tura wa namu. Idan muka kwaikwayi wannan ɗabi'a, jirgin ruwanmu shi ne yaron da za a aika da kwandon shara, tasharmu kuwa bayan katanga ce, wato ƙofar maƙwabci, ko magudanar ruwa, ko bakin kogi.

Sannan a tuna su wa ake yi wa wa'azin. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka takura cinikin tattasai da kifi na tsawon shekaru. A watan Mayun wannan shekara aka umarci mutanen tsibiran tafki su fito. A watan Yunin 2016, bayan babban harin Boso, dubban iyalai suka kwararo suka zube a gefen kwalta, a wurare irin su Kinjandi da Garin Wanzam da Ngagam a cikin ƙasar Geskeru. Waɗanda suka tsira daga bindiga, ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta sake cin gidaje da gonakin da yawansu. Matar da ta bar garinsu da goyo a baya da tukunya ɗaya a ka, an riga an rage mata kaya, ba tare da an tambaye ta wanne ke faranta mata rai ba. A nuna mata hoton ɗaki babu komai a ce mata wannan shi ne kwanciyar hankali, wannan ba'a ce.

Wani zai ce, to tun da haka ne a bar maganar, mutanen da ke neman abin sawa a baka ba su da lokacin tunanin shara. Wannan ma ban yarda da shi ba, domin gudun hijira bai rage shara ba, ƙara ta ya yi. Wanda ya rasa randar ƙasa, jarkar roba aka ba shi. Wanda ya rasa tabarmar kaba ya karɓi ta roba, wanda ya rasa rufin zana ya shimfiɗa tamfol. Agajin ya ceci rayuka, babu mai butulce masa. Sai dai ranar Manga ba ta raga wa roba: jarka ta bushe ta tsage, tamfol ya ruɓe ya zama zare-zare, iska ta kwashe ta rataye a kan ƙaya. Inda dubban mutane suka taru a filin da ba a tanadar masa wurin zubar da shara ba, wanda ya fi kowa talauci shi ke kwana kusa da juji, kuma ɗansa ne ke wasa a kai. Saboda haka maganar shara a nan maganar talaka ce tun kafin ta zama ta mai kabad.

Gidan kakanninmu, na Barebari ne ko na Fulani ko na Hausawa, bai san wannan matsala ba, kuma harshe ya ajiye mana shaida. Ƙwarya in ta tsage akwai gyartai mai ɗinke ta, in ta fashe ta zama sakaina a kwashe shara da ita. Tukunya in ta fashe ta zama kasko, kaji su sha ruwa a ciki ko a ɗebi wuta da shi, ƙananan gutsattsarin kuma sunansu tsingaro. Riga ta tsufa ta koma wa ƙane, daga nan ta zama tsumma, tsumma ya zama gammo. Toka tana da aiki a miya da wajen yin sabulu. Abin da ya ƙi kowane amfani sai a kai juji, juji ya ruɓe ya zama taki, jaki ya kai shi gona, gona ta mayar da shi gero. Harshen da ya raɗa wa kowane matakin tsufan abu suna na dabam, harshen mutanen da ba su san zubarwa ba ne. Har lokacin da kayan kanti suka fara shigowa dabarar ba ta mutu ba: tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, gwangwanin madara ya zama fitilar aci-bal-bal.

Amma a nan ne nake rabuwa da abokaina na ƙungiyoyin al'adu masu cewa mu dama tun fil azal mun iya sake sarrafa kaya, babu abin da wani zai koya mana. Wannan yabon kai ne ya sa muka yi barci. Hannunmu yana nan da ɗabi'arsa ta jefa abu a juji, alhali abin da ake jefawa ya sake. Kaba da ƙwarya da yumɓu daga ƙasa suka fito, ƙasa kuma ta san yadda za ta karɓe su. Leda daga man fetur aka yi ta, tana iya shekaru aru-aru ba ta ruɓe ba, sai dai ta marmashe ta shiga ƙasa da ruwa. Jujin da ke ba da taki jiya, yau manomi ya kai shi gonar tattasai sai ya shuka leda da tsohon batir. A tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar gari: dunƙulen leda, wanda ke cika cikin dabba har ta rame ta mutu alhali tana kiwo. Uwargida kuma tana hura wutar girki da leda saboda tana kamawa da sauri, ita da goyonta suna shaƙar hayaƙin da ke ɗauke da guba. Da damina leda ta toshe magudana, ta riƙe ruwa, sauro ya samu wurin haihuwa.

Hukuma ta san da wannan. Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar take da doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ajiye ledoji marasa kauri. Yau fiye da shekara goma ke nan, mai karatu ya shiga kasuwar Difa ya sayi tumatir ko ƙosai ya ga abin da za a zuba masa a ciki. Ana kafa hujja da cewa iyakarmu da Najeriya doguwa ce, ba ta tsaruwa. Gaskiya ne doguwa ce. Amma hukumar da ta iya tsayar da babura a jihar nan baki ɗaya, ta iya hana buhun tattasai motsi, ba za ta ce leda ta gagare ta ba. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma duk da sumogal bai ƙare ba, sun nuna cewa doka tana aiki idan an so ta yi. Ana kuma cewa leda ce jakar talaka. To, kafin leda da me talaka ke zuwa kasuwa? Da kwando da ƙwarya da jakar kaba, waɗanda matan kwarin nan ke yi da hannunsu. Kuɗin kwando a hannun maƙwabciya yake tsayawa, kuɗin leda kuwa ƙetare iyaka yake yi.

Akwai kuma masu kwantar mana da hankali da kalmar sake sarrafawa, kamar da an ambace ta shara za ta narke. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3, kuma kashi 9 cikin 100 kaɗai na wadda ta zama shara aka sake sarrafawa. Ƙasar Sin, wadda ta daɗe tana karɓar sharar robar Turai da Amurka, ta rufe ƙofarta a farkon 2018. Taron da aka yi a Janiba a watan Agustan 2025 don ƙulla yarjejeniyar duniya kan gurɓatar roba ya watse ba tare da matsaya ba. Idan masu masana'antu sun kasa, a ina Geskeru za ta narkar da tata? Bugu da ƙari, ba kowace sarrafawa ce alheri ba. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwar Caroy da ke gefen Dakar saboda gubar dalma, sanadin fasa tsoffin baturan mota da tace ƙasar wurin a cikin gidaje. Yanzu da fitilu da faifan hasken rana suka yawaita a garuruwanmu, baturansu za su mutu wata rana. Wa ya tanadi inda za a kai su kafin yara su mai da su abin wasa?

Waɗanda ke yin aikin na haƙiƙa kuwa su ne muka fi rainawa. Ɗan gwangwan mai yawo da buhu yana sayen tsohon ƙarfe, da makanikin da ke haɗa matattun injinan ban ruwa biyu ya tayar da ɗaya, da telan da ke rage rigar gwanjo ta dace da yaro, da mai liƙin bokiti da wuta, su ne ma'aikatar tsaftarmu, ba albashi ba godiya. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera suna narkar da gwangwanaye da tarkacen alminiyam su zuba tukwanen da ake girki da su a gidaje da yawa na ƙasar nan. Sana'ar tana da haɗarinta, kuma a ƙetaren kogi mun gani: a 2022 ƴan bindiga sun kashe gomman masu neman tsohon ƙarfe a dazukan Borno, har a watan Yulin 2023 gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar a jihar, yana mai kafa hujja da kisan da kuma ɓarnar kayan jama'a. Darasin da ke nan shi ne, idan aka bar sana'a a duhu, talauci zai tura matasa su nemi ƙarfe a kangon garuruwan da aka gudu aka bari. Gara a san su, a yi musu rajista, a ba su fili a gefen kasuwa, ƙarfen da ke cikin gidajenmu ya iske su a can.

Saura maganar da ke ta da jijiyar wuya, wato kayan ɗaki. Masu wa'azin rage kaya da sun ga jeren amarya sai su ce almubazzaranci. Sun manta cewa jeren da, na tasa da kwalla da langa, asusun mace ne. Ranar da fari ya zo ko ciwo ya kama yaro, tana iya ɗaukar kwano ta sayar ba tare da neman izinin kowa ba. Wanda ya ce ta zubar da shi, jarinta yake so ta zubar. Abin da ya cancanci suka shi ne abin da jeren ya koma: robobi da tangaran masu araha, waɗanda ake ciwo bashi a saya don kada dangin ango su yi gori, kuma tun ranar da aka kawo su darajarsu ta faɗi. Uba ya sayar da amfanin gonar shekara guda ya sayo abin da ba a girki da shi, ba a jinginar da shi, in ya fashe ba a gyara shi. Iyaye mata sun fi kowa sanin bambancin abin da ke riƙe daraja da abin da ke cika ido kawai, kuma daga wurinsu gyaran zai fito idan an daina yi musu gori.

Haka nan akwatunan manyan ma'aikata da ƴan kasuwa cike suke da riguna da barguna da tukwanen da suka shekara ba a taɓa ba, alhali a cikin gari ɗaya akwai wanda ke kwana a kan buhu. A nan rage kaya yana da ma'ana, amma da sharaɗi: a bayar da abu tun yana da amfani, a wanke shi, a gyara shi, a miƙa shi hannu da hannu ga wanda aka san yana bukata. Wanda ya jira sai riga ta yage sannan ya kira ta sadaka, ya yi wa ɗan gudun hijira abin da dilar gwanjo ke yi wa Accra, ya mai da ɗan'uwansa juji, har yana jiran godiya.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne muke shirya bikin al'adu, mu baje ƙwarya da faifai a kan tebur kamar kayan tarihi, sannan mu raba wa baƙi ruwan leda, washegari a tarar da filin ya yi fari fat. Mu fara daga nan: randa da moɗa a wurin taro, da tsintsiya kafin a watse. A makaranta, a sa ɗalibai su tattaro daga bakin kakanninsu sunayen tsoffin kaya da amfaninsu, da Barbarci da Fulatanci da Hausa, kafin kalmomin su bi masu su. A haƙa rami biyu a bayan aji, a binne ɓawon albasa a ɗaya, leda a ɗayan, a tono bayan damina, yara su gani da idonsu. A gayyato gyartai da maƙeri da mai saƙar kaba su tsaya a gaban allo a kira su malam. A ware wa matattun batura akwati mai murfi, nesa da hannun yara da bakin rijiya. Ƙungiyoyi kuma su rubuta wa hukumomin gari da na jiha takarda, su tambaye su ina aka kwana game da dokar 2014, su sake tambaya bayan wata uku.

Rage kayan da ya dace da mutanen ƙarshen hanya a kasuwa yake farawa, kafin abu ya shigo gida. Mai saye ya tambayi kansa: in wannan ya lalace, akwai mai gyara shi a garin nan? In ya mutu, ƙasa za ta karɓe shi? Idan amsar duka biyun a'a ce, to ya sani ya saya wa akuyarsa da gonarsa da kogin da yake sha, kuma babu motar da za ta zo daga Yamai ta ɗauke masa.